Tabar da Zoila Ta Shuka

Da la'asar ne, hadari ya taru a kan duwatsu amma ya ƙi saukowa, ga zafi kamar cikin ɗakin gasa taba. Muna gona muna karye furanni, don idan aka bar taba ta yi fure ganyenta ba ya kauri. Sai ga Don Nicanor, mai kula da gonar, riƙe da wani ganye duk ɗigon rawaya.

"Benicio, cuta ta shigo ta gefenku. Ciyawar nan ta ƙofar ɗakinka, yau za ta fita."

Ba ciyawa ba ce. Tabar dutse ce, matata Zoila ta sauko da ita daga ƙauyensu a cikin gwangwani shekarar da muka yi aure. Doguwa ce, furenta fari, sai rana ta yi sanyi take sakin ƙamshi. Zoila takan ce ita ce kakar tabar da muke nomawa, jikokin ne suka sauko kwari suka yi ƙiba suka manta da ita. Zoila ta rasu a daminar bara. Tabar kuwa ta sake tohowa.

Na ce, "Ko in karye mata furen, kamar sauran?"

"Me furen ya yi? A ganye cutar take kwana, ɗana. Jininsu ɗaya, abin da ya kama wannan zai kama waccan." Ya cire hula ya share zufa. "Ni ma na ci girkin Zoila. Amma gonar nan baki nawa take ciyarwa?"

"To in mayar da ita gwangwani, in kai ta hayin rafi."

"Ƙwari ba su san rafi ba. A tuge, a ƙone."

Fermín, abokin aikina wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗago daga layinsa. "Mutumina, surukarka ta ƙofar ɗaki ta jawo mana! Kullum ruwa, kullum taki, ko sigari ɗaya ba ta taɓa ba mu ba." Ba wanda ya yi dariya. Shi ma sai ya sunkuya.

Da aka tashi na ɗauki fartanya na nufi ɗaki. Ƙamshin ya tarye ni tun daga nesa. Na tsuguna ina juya ganyen ɗaya bayan ɗaya, ina fatan in same su garau in koma in roƙi Don Nicanor. Can ƙasa, a ganyen da ke jingine da bango, na ga ɗigon. Sannan na ga wani.

Na miƙe, na ɗaga fartanyar. Hannuna ya ƙi.

Ban ji zuwan Fermín ba, sai dai na ji an zare fartanyar daga hannuna.

"Kai, malalaci, shiga ka ɗora mana ruwan shayi. Kuma ka tura ƙofar, hayaƙi zai shigo."

Na shiga, na tura. Ina jin saran, a hankali yake yi. Da ruwan ya yi zafi na fito da buta. Fermín ya riga ya ƙone tabar, ya cike ramin, ya daddale ƙasar da ƙafa, ya jingine fartanyar a bango. Har ya kai bakin hanya, bai waiwayo ba, ni ma ban kira shi ba.