Littafi a Cinyar 'Yardada

Sa'adiyya ta tsaga gashin Inna 'Yardada da tsinke, ta ce, "Juya min, Inna."

Tsohuwar ta lashi yatsa ta juya shafi. Littafin na buɗe a cinyarta, Sa'adiyya na leƙowa ta saman kanta tana karantawa. Haka ta saba tun da ta gama sakandare: hannu a kitso, ido a takarda. Gobe ce jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Bara ta faɗi, kuma mahaifiyarta ta ce in aka maimaita a bar zancen, kitso ma sana'a ce.

Ta so ta keɓe yinin ga babin ƙarshe, shi kaɗai ya rage mata. Sai biki ya taso a Dala, ga mata a tabarma suna jiran layi, rediyon maƙwabta na ta zancen miƙa mulki ga farar hula.

"Juya."

Zanen zuciya ya bayyana. Wannan ai ta wuce shi tun da azumi. Ta dubi hannun tsohuwar: daga hagu take ɗauko shafi ta kai dama, yadda take buɗe Alƙur'aninta.

"Inna! Baya kike mayar da ni!"

"Ni za ki koya wa buɗe littafi? Na sauke tun uwarki ba ta yi haƙori ba."

Luba, ta ƙarshe a layi, ta tuntsire da dariya. "Likitar baibai ke nan!"

Sa'adiyya ta miƙa hannu za ta karɓe, sai ta dakata. Ta rufe ido ta nemi sunayen jijiyoyin nan. Babu. Abin da take taƙama ta haddace ya zube ba ta sani ba.

Ta mayar da hannunta cikin gashi. "Ci gaba yadda kike yi, Inna."

An gama wa 'Yardada, amma ta ƙi tafiya. Ta koma gefe da littafin, kawuna na sauyawa, ita tana juyawa, Sa'adiyya na karantawa. Bayan la'asar suka iso bangon farko.

"To, kin sauke. Saura walima."

"Saura babi ɗaya, Inna."

Luba ta matso tana kwance ɗankwali. Sa'adiyya ta soke tsinken a nata gashin, ta ɗauki littafinta.

"Mayar da ɗankwalinki ki je bikin haka, Luba. Likitar baibai ta tashi daga aiki."