Tukunyar Aro

Evaristo ya yi shekaru yana dafa giyarsa a bayan gida, a garin El Bolsón, cikin wata doguwar tukunya mai ƙaramin baki. Ya san halinta. Akwai tsagogi a jikin muciyarsa, kuma in ruwan tsiron sha'ir ya yi awa guda yana tafasa, tsaga ɗaya yake sauka. Wannan shi ne rabon tururi.

A bana tukunyar ta huje. A bana ne kuma surukinsa, Don Aurelio, ya ce Evaristo yake so ya yi masa giyar bikin cikarsa shekara tamanin. Ganga ɗaya ya nema, cikakkiya. Tsohon bai taɓa yaba wa Evaristo komai ba, don haka ya ɗauki aikin da muhimmanci.

Matarsa Nélida ta aro masa wata tukunya mai faɗin baki, wadda maƙwabciyarsu ke dafa 'ya'yan itace da sukari a ciki. Ya auna ruwa da bokiti kamar kullum, ya dafa, ya tsoma muciya. Tsaga ɗaya ya sauka. Amma da ya juye a ganga, sai ya ga saura da yawa ta cika.

Ya kifa tukunyar ya duba gindinta, babu huji. Ya shafa ƙasa, a bushe take.

Ubaldo, ƙanen Nélida, yana zaune kan kututture yana zuƙar shayin mate a ƙoƙo. Ya ce, "Yaya, faɗi gaskiya, ɗanɗanawa kake yi."

"Da zafinsa? Ko giya bai zama ba."

"To kare ne ya sha."

Evaristo ya dubi karen, ya dubi muciya. Ya ce, "Muciya ta ce daidai. Ganga ta ce ba daidai ba. Ɗaya a cikinsu ƙarya take yi."

Ya ba Ubaldo waccan dahuwar, ya sake sabuwa. Wannan karon da ta fara tafasa ya ɗauko murfi ya rufe ruf, har ya ɗora dutse. Ya san masu dafa giya ba sa rufe tukunya, amma bai taɓa tambayar dalili ba. Da ya juye, ganga ta cika har wuya. Ya saka yis, ya ajiye ta ta nuna.

Sai bayan kwanaki Nélida ta ji labarin, tana wanke tukunyar za ta mayar. Ta ce wa mijin nata, "Tsohona, ai don ruwa ya gudu ake yi mata baki haka. Tsaga ɗaya a nan ta fi tsaga biyu a taka."

Ya tsaya yana auna faɗin bakin da hannunsa. Ya ce, "To ai na hana shi gudu."

"Ka hana shi," in ji ta. Ita ma ba ta san ko hakan alheri ba ne.

Ranar biki an gasa rago a farfajiya. Evaristo ya cika kofi na farko ya kai wa Don Aurelio. Tsohon ya sansana, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ɗana, masara ka dafa a ciki?"

"A'a, Baba. Sha'ir ne kawai."

Evaristo ya kurɓa shi ma. Warin dafaffiyar masara ya cika masa hanci. Wannan ne tururi ya saba fitarwa, murfi ya mayar da shi ciki.

Ubaldo ya raɗa masa, "Tawa ta yi daɗi fa. Jiya na ƙarar da ita."

Don Aurelio ya leƙa gangar. Ya ce, "Cika kam ta cika." Sai ya ajiye kofin kusa da farantinsa, ya ce wa Nélida ta kawo masa ruwa.