Taken Garba Ƙaiƙayi

Ranar da Shu'ibu direban tarakta ya sauko daga jirgin ƙasa a Malam Madori rungume da kwali kamar mai jego da jariri, duk wanda ya gan shi ya san an yi ɓarin kuɗi a Kano. Bai yarda an ɗaure kwalin a saman mota ba. A cinya ya riƙe abinsa har Haɗeja, yana ta murmushi shi kaɗai.

Shu'ibu mayen kiɗa ne, wannan kowa ya sani. A shekarar nan ta 1975 da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokan aikinsa wasu keke suka saya, wasu kwanon rufi. Gogan naka kuwa ya sayo rakoda mai cin kaset da makirfonta, ya haɗo da wani abin sawa a kunne da mai kanti ya ce sunansa hedifon. Kuɗin hedifon ɗin kaɗai ya isa ragon layya, irin wanda ake nunawa da baki.

Matarsa Hajo ta juya abin a hannu, ta taɓe baki.

"Malam, waɗannan murafan kwanon fa?"

"Ke dai ba ki sani ba! In ka sa wannan, har numfashin mawaƙi sai ka ji."

"To ita rakodar ba ta da baki ne?"

"Tana da shi mana."

"Au! Wato ka sayi abin da zai hana mu ji. Sannu da ƙoƙari."

Bai kula ta ba. Ya sa kaset, ya kifa abin a kunne, sai ga shi ya lumshe ido yana kaɗa kai. Kai, kiɗa ya yi kiɗa! Kowace tsirkiya daban, kowane bugun ganga daban, kamar makaɗan a cikin kansa suka shimfiɗa tabarma. Sai dai ko a cikin daɗin nan akwai abin da ke cin ransa, domin kiɗan da ya fi so a duniya ba ya kan kowane kaset.

Mahaifinsa Garba ɗan kokawa ne da ya gagari fadamar Haɗeja kaf. Ana ce masa Ƙaiƙayin Shinkafa, wanda ya rungume shi ya kwana susa. Ya rasu Shu'ibu na shekara shida, kuma abin da ya rage masa na ubansa shi ne rabin takensa, wanda yake yi da hanci in yana kan tarakta. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ƙarshen ya ɓace masa. Mutum ɗaya ne ya san taken duka, Fannami mai gurmi, makaɗin Garba. Shi kuwa shekara bakwai ke nan da kunnensa ya yi nauyi, ya rataye gurmin, ya ce wanda ba ya jin tsirkiya ba shi da ikon taɓa ta. Ga tsufa ya kama shi sosai. In ya tafi, taken ya bi shi.

Washegari da hantsi Shu'ibu ya ce bari ya gwada ɗaukar magana. Ya jona makirfo, ya danna jan maɓalli, hedifon na kunnensa. Sai ya zabura. Kaza na tono a gindin rumbu, amma ji yake kamar a kan kafaɗarsa take. Ya ƙara murɗa sauti. Can daga madafa ya ji Hajo tana ƙunƙuni ƙasa-ƙasa: "Ɗaki na yoyo, an sayo wa kunne hula."

"Na ji ki!" ya ɗaga murya.

Ludayi ya faɗi daga hannunta. "Innalillahi! Daga can?"

Shu'ibu ya fashe da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya cak. In wannan abu zai kawo ƙunƙunin Hajo daga madafa, me zai hana ya kai gurmi kunnen Fannami? Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya malale fadama, ƙauyen su Fannami sai da kwalekwale. Shu'ibu ya ɗora kwalin a ka ya riƙe da hannu biyu, yana ta roƙon mai tuƙi ya bi a hankali. Suka ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya shanye har wuya, suka wuce masunta suna iyo a kan gorunansu. Kowa ya tambaye shi ina zuwa, sai ya ce, "Kunne zan kai wa wani!"

Ya tarar da tsohon a ƙarƙashin tsamiya, matarsa Iya Barira na gefe tana tsince shinkafa. Ya durƙusa ya gaishe su. Fannami ya ƙura masa ido ya ce da ƙarfi, irin na waɗanda ba sa jin kansu, "Ɗan Garba ne? In don gurmi ka zo, na sha gaya maka an gama."

Shu'ibu bai yi gardama ba. Ya roƙi Iya ta ɗauko gurmin. Ta kawo shi, ƙura ta rufe ƙoƙon. Ya zame wa tsohon hula da ladabi, ya kifa masa hedifon, ya kai makirfo dab da tsirkiya, ya murɗe sauti har ƙarshe. Sannan ya sa yatsa ya taɓa.

Fannami ya yi firgigit, ya waiwaya bayansa. Shu'ibu ya sake taɓawa.

"Kai!" in ji tsohon. "Wane shashasha ne ya bar ta ta saki haka? Ba ni nan!"

Ya fizge gurmin. Ya ja tsirkiya, ya saurara, ya sake ja, ya saurara. Da ta hau, sai ya gyara zama. Ya fara a hankali, yatsun suna laluben hanya, can suka tuna. Taken Garba ya tashi a ƙarƙashin tsamiya, mutanen ƙauye suka fara fitowa daga gidaje. Da aka zo inda Shu'ibu ke tsayawa kullum, kiɗan bai tsaya ba, ya haura ya juya ya sauko da gudu. Ashe haka ƙarshen yake! Tsikar jikin Shu'ibu ta tashi, ya miƙe tsaye, hawaye na zuba, bai ko ji kunya ba. Fannami ya wage murya: "Garba, Ƙaiƙayin shinkafa! Wanda ya rungume ka ya kwana susa!" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kaset na ta juyawa a rakoda yana ɗaukar kiɗan duka.

Da kiɗa ya lafa, Shu'ibu ya miƙa hannu zai cire hedifon. Daidai nan Iya Barira ta sunkuyo kusa da makirfo, ta ce kamar yadda ta saba faɗa ba a ji, "Malam, furarka fa tana ta tsami."

"Na'am?" Fannami ya juyo. Ya daɗe yana kallonta. "Barira, ashe muryarki ma ta tsufa."

Ta toshe baki da gefen mayafi. Shu'ibu ya janye hannunsa.

Al'ada ce, wanda aka kaɗa wa taken gidansu ba ya tashi sai ya yi kyauta, kuma ba da abin da ya raina ba. Garba rigar jikinsa yake tuɓewa ya ba Fannami a tsakiyar fili, kowa a wurin ya san haka, kowa kuma ya zuba wa ɗansa ido. Shu'ibu ya buɗe rakodar ya zare kaset ɗinsa ya sa a aljihu. Sauran ya tura gaban tsohon, har da kwalin.

"Baba, ga tukuicin. Batir kuma ni zan riƙa kawowa duk Juma'a."

Da la'asar ya shiga gida hannu rabbana, wando jiƙe har gwiwa, baki har kunne. Hajo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ina murafan kwanon? Ina rakodar?"

Ya ba ta labari tiryan-tiryan, ya fito da kaset ɗin yana nuna mata kamar lambar yabo.

"To, Malam, da me za ka ji shi?"

Sai a sannan ya tuna. Ya dubi kaset, ya dubi Hajo, ya sosa ƙeya. Can ya zauna a bakin turmi ya fara taken da hanci. Hajo ta sha jin sa shekara tara, ta san inda yake yankewa, har ta juya za ta koma madafa. Da ta ji ya wuce wurin, sai ta dawo ta zauna kusa da shi har ya kai ƙarshe.