Motocin Hayar da Baba Ya Ƙi

Motar Baba ta mutu a watan da ya cika shekara saba'in da ɗaya. Bakanike ya buɗe injin, ya leƙa, ya rufe, ya ce ko wanda ya ƙera ta ba zai iya tashinta ba. Daga ranar Baba ya koma kujerar roba a ƙofar falo. Ya ce mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana koya wa mutane tuƙi ba zai tsaya bakin titi yana ɗaga wa tasi hannu ba. Cikin wata biyu ya rame, ya daina tsokanar kowa, rediyo ma sai ya bar shi yana shuu bai gyara tasha ba. Ni kuwa na sa wa raina sai na mayar da shi kan titi, don na ga zaman nan zai cinye mana shi.

Ni da Yayana muka yanke shawarar saya masa wata. Sai dai Baba yana da ƙa'idarsa: ba ya yarda da mota sai ya wuni da ita, kuma shi kaɗai, wai mota ba ta faɗin gaskiya a gaban baƙo. Wane dillali ne zai ba ka mota ka wuni da ita? Yaya, wanda ke can wani gari yana rabon umarni ta waya, ya ce in riƙa ɗauko hayar irin waɗanda muke tunanin saye, kowace Asabar guda ɗaya. Shi da shawara, ni da zirga-zirga.

Wurin hayar ɗan ofis ne a bayan wani gidan mai, da fili mai siminti da motoci takwas a jere. Mai kula da wurin muna ce masa Mai Biro, don kullum akwai ɗaya a bayan kunnensa, wani kuma a hannu. Kafin ya ba ka makulli sai ya zagaya motar da wata takarda mai zanen mota, duk inda ya ga tabo ya sa alama. In ka dawo da ita ya sake zagayawa, a sanyaye, ko da kuwa gobara ake yi a gidanku.

Ta farko fara ce, ƙarama. Baba ya sa hularsa ya fita da safe, ya dawo bayan la'asar, ya ce in kawo takarda in rubuta.

"Rubuta, Auta. Birki yana kamawa, na yaba. Kujera ba ta cin baya. Amma gilashin gaba kamar an shafa masa mai, dishi-dishi ake gani."

Na wanke gilashin da sabulu, na goge da jarida. Da na mayar da motar tangaran nake ganin hanya. Na ce to, wataƙila wankin ne ya gyara.

Ta biyu ruwan toka ce, mai faɗi. Baba ya so but ɗinta, ya so laushin sitiyarin, har ya ce injinta yana da ladabi. Amma wai tana ja hagu, madubin hagu kuma ba ya nuna komai, ado kawai aka maƙala. A hanyar mayarwa na saki sitiyarin na ɗan lokaci, mota ta tafi samɓal. Na leƙa madubin, na ga har mai keken da ke bayana yana hamma.

Ta uku baƙa ce, irin wadda ba a murɗa makulli, maɓalli ake dannawa. Wannan kam ta sha zagi.

"Mota ce ko uwar miji? Ko'ina na bi sai ta hau kuka, ɗit-ɗit-ɗit, wai na kusa goge wani abu, alhali babu komai a wurin. Lambobin gudun kuma sun yi su ƙanana kamar ƙwan kwarkwata."

Ni da na tuƙa ta, ko tari ba ta yi mini ba. Kaina ya ɗaure tamau. Ko dai Mai Biro yana ba ni ragowar motoci ne, su gyaru in sun ga hanyar gida? Ko Baba ne ba ya son a saya masa, yana jin nauyinmu? Na kira Yaya, ya ce, "Kin san halin tsoho, ko ta zinariya kika kawo sai ya samo mata aibu. Ki gwada ta huɗu." Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Haushin duka na kwasa na kai wa Mai Biro. Na karanta masa takardar Baba tun daga gilashi har zuwa ɗit-ɗit-ɗit, na ce in motocin kirki sun ƙare ya faɗa mini. Ya saurare ni har na gama. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardu uku ya jera a gabana.

"Malama, duba nan. Fara, ruwan toka, baƙa. Kowace ta dawo da ɗan ƙarce a bambar gaba ta hagu, wuri ɗaya, da koren fenti a jiki. Irin wanda muke gogewa ne, shi ya sa ban yi magana ba. Ke kike tuƙa su?"

"Babana ne. Malamin tuƙi ne fa, shi ya koya wa rabin direbobin unguwarmu."

"Allah ya ƙara masa lafiya," in ji Mai Biro, ya mayar da biron bayan kunne.

Ƙofar gidanmu koriya ce. Duk da haka a hanya ina ta lissafin ko ni ce na goge su ban sani ba, don Baban da na sani da ribas yake shiga ƙofar nan, kofin shayi a hannu ɗaya. Da na isa na tsuguna a gindin ƙarfen hagu. Ga fari, ga ruwan toka, ga baƙi, ɗaya a kan ɗaya. Ni kuwa a waje nake ajiye motocin, ban taɓa shiga da su ba.

Asabar ta gaba na kawo ta huɗu, shuɗiya, ban ma san dalilin da ya sa na kawo ta ba. Baba yana tsaye a ƙofar gida da hularsa. Na tsaya ta hagunsa na miƙa masa makullin. Na daɗe hannuna a miƙe, yana ta kallon mota yana cewa tayoyin sun yi masa. Sai da na girgiza makullin ya yi ƙara, sannan ya juyo da dukan kansa.

"Baba, tun yaushe ka daina gani ta hagu?"

Ya mayar da kallonsa kan motar.

"Tun kafin tsohuwar motar ta mutu. Ita na san faɗinta kamar kafaɗata, ba sai na gani ba. Na ɗauka in aka dace da mai gilashi mai kyau..."

"Me ya hana ka faɗa mana?"

"In faɗa wa wa, Auta? Ni da nake korar ɗalibi in ya kasa karanta lambar mota daga taku ashirin?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, da tsoron abin da ya tsallake a Asabar uku a kan titi. Na ce Litinin za mu je wajen likitan ido. Bai yi musu ba, wannan kuma ya fi komai yi mini ciwo.

"Tunda an riga an kawo ta, a zagaya da ita mana," in ji shi.

Ya bi ta gaban motar yana shafa ta da hannu, ya buɗe ƙofar mai zaman banza ya shiga, ya ɗaura bel. Muka hau titi. Ya yaba da sanyin cikinta, ya ce hon ɗin ya yi siriri. A kowace mahaɗa ina ganin ƙafarsa tana neman birki a inda babu birki, kuma kullum sai bayan na riga na tsaya take takawa.