Kashi Arba'in

"Indo, yau kuma kashi nawa ɗan naki ya ba mu?" Malam Manu ne ya leƙo ta kan katanga, yana ɗora wa jakinsa mangala.

Indo ta ci gaba da tankaɗenta. "Tafi abinka, Malam."

To, ga yadda zancen yake. Ɗanta Abdulrazak a Katsina yake aiki, wurin masu lissafin ruwa. Sukan zuba wa na'ura ruwan saman shekarun baya da na ranar, ita kuma ta faɗi yiwuwar ambaliya, kashi kaza cikin ɗari. Shi kuwa Malam Manu, maƙwabcinta na shekara talatin, yashi yake ɗiba a tsakiyar gulbin Jibiya yana kai wa magina.

Sau uku a daminar nan Abdulrazak ya bugo waya: kashi saba'in, kada kowa ya shiga gulbi. Sau uku Indo ta yafa mayafi ta je ta faɗa wa Malam. Malam ya ɗaure jaki ya wuni a zaure, gulbi kuwa ko motsi. A na ukun har tasha ya kai labarin, direbobin Maraɗi suka sha dariya, suka laƙaba mata Uwar Hadari.

Da safen nan ma yaron ya bugo. Kashi arba'in, in ji shi, don an sha ruwa can kudu. Indo ta dubi sama, garau. Saba'in ma ba ta yi komai ba, balle arba'in. Shi ya sa ta ja bakinta.

Wajen azahar, rana na ƙwallewa, ruwan ya iso. Waɗanda ke kan gada sun ce ja ne wur, ɗauke da rassan itace. Malam har ya hau gaɓa, sai ya koma kwance wa jaki dabaibayi. Washegari aka sami gawarsa a gonar wani, can cikin Nijar. 'Yan dako suka dawo da shi a amalanke, ba wanda ya tare su a iyaka.

Ranar sadakar uku, Indo na dakan gumba, Abdulrazak ya bugo.

"Allah ya jiƙan Baba Manu. Inna, kin dai faɗa mashi ko?"

"Arba'in ka ce."

"Inna, in aka yi rana goma irin wannan, a huɗu ruwa na zuwa."

"To mi ya hana ka faɗa mani haka nan?"

Ta kife wayar a kan faifai.

Daga bayan katanga Fati, matar Malam, ta ɗaga murya a dishe. "Indo, sukarin ya ishe ki?"

"Ya isa," in ji Indo.

Ta tofa a tafin hannu, ta ɗaga taɓarya. Geron ya riga ya yi laushi, amma ta ci gaba da daka.