Sunan da Ke Jikin Allon Gareji

Da hantsi suka tare shi a hanyar Damari, yana dawowa daga gaisuwar mutuwa. Su shida ne, kowa da bindiga a rataye. Babbansu, wani dogo mai tabo a haɓa da suke kira Abarshi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne Jaji Bakanike, mai gareji a bakin kasuwar Birnin Gwari?"

"Ni ne."

"An ce ko mashin ya shekara a rijiya kana tada shi. Hau mu je."

Maganar ba ƙarya ba ce, tsufa dai ta yi. A da, Jaji kan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya faɗi ciwon mashin kafin mai shi ya gama bayani. Da gareji ya bunƙasa sai ya buɗe shagon kayan gyara a gefe, ya sayi kujera mai juyawa, ya koma sa farar shadda. Shekara tara rabon da baƙin mai ya shiga farcensa. Aiki duk yana hannun Abdulkahar, wanda ya koyi sana'ar a wurinsa har ya auri 'yarsa Muslimat. Sunan Jaji ne dai a jikin allo.

Bara Abdulkahar ya yi wata uku a Kaduna yana koyon gyaran sababbin mashina masu injekta. Da ya dawo ya yi ta roƙonsa.

"Baba, ka zo ka duba ko na minti goma ne. Waɗannan fa ba su da kafireto."

"Ni za ka koya wa mashin? Ina tada inji kana bayan uwarka. Mashin ai mashin ne."

Awa biyu suna keta daji, suna wuce gonakin masara da ciyawa ta cinye, kafin su isa sansani. A gindin wata bishiyar doka ga sabon mashin ja, ledar kujerarsa ma ba a ɓare ba.

"Na hawana ne," in ji Abarshi. "Kwana huɗu ya ƙi magana. Wanda muka kawo kafin kai yana can." Ya nuna wani kwazazzabo da ungulaye ke shawagi a samansa. "Na ba ka zuwa azahar."

Jaji ya naɗe hannun shadda. Ya kwance fulogi, wuta na zuwa. Ya leƙa tanki, mai a cike. Ya kai hannu inda kafireto yake zama, sai ya tarar da wani ƙulli na wayoyi da bai taɓa gani ba. Ya buga, ya sake bugawa, shiru. Sifana ta zame ta ɗaye masa fatar yatsu.

"Oga," wani daga cikinsu ya ce yana dariya, "wannan hannun na bakanike ne ko na mai sayar da turare?"

Inuwar doka ta tattare ta dawo gindinta. Abarshi ya taso ya tsuguna kusa da shi.

"Wancan watan wani mutumina ya kai irin wannan mashin garejinka, aka gyara kafin ya gama shan rake. Tun da ba kai ba ne, wa ya gyara?"

 Bakin bindiga ya sauka a kunnen Jaji, daidai inda yake kara ƙotar sukudireba. Ya tuna Muslimat da cikinta na wata bakwai. Ya dubi ungulayen nan. Sai ya ji bakinsa ya faɗi sunan.

Suka hau da shi wani dutse inda waya ke kamawa.

"Abdulkahar, mashin ɗina ya mutu a mararraba. Zo da kayan aiki."

"Baba, kai da kanka mashin ya gagare ka?" Dariya yake yi. "Ga ni nan. Kada ka tsaya a bakin titi, hanyar nan ba kyau."

Rana ta yi ja aka shigo da Abdulkahar, leɓensa a fashe. Sau ɗaya ya dubi surukinsa. Ya murɗa makulli, bai buga ba, ya kara kunne a jikin tanki, irin yadda Jaji ya koya masa.

"Famfon mai ba ya kuka," ya ce.

Ya ɗaga kujera, ya zaro wani fiyus da bai wuce farce ba, a ƙone. Ya sa sabo. Bugu ɗaya mashin ya tashi.

Abarshi ya yi tafi. "Ashe ga Jajin gaske! Kai tsoho, kama hanya. Harsashi ya fi ka daraja."

Abdulkahar ya danƙa masa ƙonannen fiyus ɗin a tafin hannu. "Baba, ka ce wa Muslimat aiki ne ya riƙe ni."

Bai samu faɗa ba. Da ya isa gida, a zaure Muslimat ta tare shi.

"Baba, ina kusa da shi aka kira. Muryarka na ji."

Daga ranar takan aiko masa da tuwo, amma ba ta sake shigowa gaishe shi ba.

Jaji ya kira Abarshi ya ce zai sayar da shago da gona ya fanshi surukinsa. "Ba dukiyarka nake so ba," in ji Abarshi. "Hannu nake so."

Jaji ya kwana biyu da maganar. Rana ta uku ya rufe shago, ya bi ayarin motoci zuwa Kaduna, ya nemo garejin da surukinsa ya yi koyo. Yana da shekara hamsin da takwas ya zauna a ƙasa, ana ce masa miƙo wannan, riƙe wancan. Ya kwance inji ya ɗaura, ya sake kwancewa, har tafin hannunsa ya fashe ya warke ya yi kanta. Yana can Muslimat ta haihu, aka yanka rago babu uba a wurin.

Wata huɗu cif ya sake kiran lambar.

"Hannu ka ce kana so. Na kawo."

"Zo," in ji Abarshi. "Zazzaɓi ya kwantar da naka, mashina uku suna jibge. In ka tada su ya tafi ka zauna. In ba ka tada ba, kwazazzabo ya ci biyu."

Na farko waya ce ɓera ya ci. Na biyu famfo ne ya toshe da ruwan da ke cikin man jarka. Na uku ya wahalar da shi har la'asar, gumi na ɗiga daga gemunsa, sannan ya tashi.

Aka fito da Abdulkahar, ƙashi da fata, aka ɗora shi a bayan wani mashin. Ya daɗe yana kallon baƙin man da ke farcen surukinsa.

"Me aka samu, Baba?"

"Namiji. Yana da kunnuwanka."

Mashin ya ja. Jaji ya tsaya yana sauraron kukan injin cikin itatuwa, sumul, babu tari, har ya daina jinsa. Da ya juyo, mutum tara sun riga sun hau mashinan da ya gyara, uku-uku, suna ɗura harsashi, sun fuskanci hanyar ƙauyuka.

Abarshi ya turo masa wani mashin da ƙafa.

"Oga Jaji, wannan birki ne. Yi sauri, gobe ma da fita."