Gilashin da Ke Kan Tsagar Gada

Tun zamanin da limaman coci suka gina gadar ruwa domin kawo ruwan dutse cikin garin Montecerro, al'adar magina ita ce, idan ƙasa ta girgiza gini ya tsage, sai a manna siririn gilashi a kan tsagar. Muddin gilashin na nan lafiya, ginin na nan lafiya. Haka aka yi a zamanin kakanni, haka kuma aka yi bana a bangon ɗakin Ersiliya, wadda gidanta ke manne a ƙarƙashin gadar.

Da hantsi ta shigo da miyar wake, ta tarar gilashin ya rabu biyu.

Ta ajiye miyar, ta leƙa waje. Unguwa kuwa ba kowa, duk an tafi tsinkar zaitun. Daga ita sai mijinta Gualtiyero, wanda ƙafafunsa suka shanye.

"Tsoho, tashi za mu yi. Gilashi ya fashe."

"Ke dai kin cika tsoro. Gadar da ta ga annoba, ta ga yaƙi, yau za ta faɗo don ta ga muninki? Kakana bai fita ba, ubana bai fita ba."

"Su da ƙafafunsu suka ƙi. Kai da me za ka ƙi?"

Kafin ya ba ta amsa, yashi ya zubo daga sama, siririn zare, ya sauka cikin miyar. Can cikin dutsen wani abu ya yi ƙara kamar ana tauna ƙashi.

Ersiliya ta shimfiɗa bargo a ƙasa, ta mirgino mijin a kai, ta kama bakin bargon tana ja da baya. Kowace matakala sai bayansa ya bugu.

"A hankali, mayya! Buhun gawayi ne ni?"

Ba ta tsaya ba sai bakin coci. Nan ta zube tana haki.

Gualtiyero ya ɗaga kai. "To, ga gadar nan tsaye. Koma ki ɗauko min haƙorana, suna cikin kofi."

Ersiliya ta dubi ƙofar da ta bari a buɗe. Ƙura na fitowa daga ciki a hankali.

"Yau da dasashi za ka ci abinci," in ji ta, ta ƙara damƙe bargon.